Karatun Auta da Aka Ce Sai Na Gane

A cikin buhun shinkafa ya kawo kwamfutar. A shekarun nan ba mai hankalin da zai rataya jakar baya ya ratsa Potiskum da ita. Kafin ka wuce shingen sojoji na biyu an sa ka tsallen kwaɗo, ko kuma mutane su watse su bar ka kai kaɗai a tsakiyar titi kana waige-waige. Shi ya sa Auta, ƙaramin ƙanenmu, ya samu tsohon buhu yake jefa ta ciki kamar mai kai niƙa. Haka ya shigo shagona da ke bakin hanyar Kano, inda nake sayar da gwanjon kayan tirela, ya jingine buhun da wani tsohon giyabos, ya tsuguna ya fara gaisuwa. Da na ji gaisuwar ta kai ga tambayar lafiyar awakina, na san da magana.

"Hamma, na samu."

"Me ka samu? Mata?"

"Karatu. Digirin digirgir, a Jamus. Su za su ɗauki nauyin komai."

Na ce masha Allah, na ci gaba da goge ƙwallon ƙarfen boris ɗin da ke hannuna. Digiri biyu gare shi a lokacin, na kimiyyar fiziks, kuma abin da suka tsinana masa shi ne koyarwa a wata sakandare da rabin shekara a rufe take saboda tsoro. Ban ga abin da na uku zai ƙara ba.

"To ka je mana. Ni na riƙe ka?"

"Inna ce. Ta ce in gaya wa wancan. In wancan ya gane abin da zan je in karanta, ya zo ya faɗa mata da Hausa, in tafi. In bai gane ba, ba inda za ni."

Wancan ni ne. Innarmu Bafulatana ce ta wajen Nangere, ni kuma ɗanta na fari, kuma kunyar ɗan fari a wurinta ba abin wasa ba ce. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta kallona ido da ido, ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana son in gyara mata katanga, sai ta gaya wa matata, ko Auta, ko kazar da ke kiwo a tsakar gida, ni kuma ina tsaye ina ji. Ina da furfura a gemu, ina da ’ya’ya har da mai aure, amma har yau wancan nake.

Dalilin sharaɗin nata kuwa kowa a gidanmu ya san shi. Tsakanina da Auta akwai wani ƙanen namu, tela ne, mai hannu sosai. Shi ma da karatu ya fara. Ya zo ya durƙusa ya ce za shi gabas wajen wani malami ya ƙaro ilimi, Inna ta sa masa albarka, ta daka masa dakuwa ta ƙulle a leda. Bai dawo ba. Daga baya aka ce an gan shi cikin mutanen daji, da bindiga. Ni aka zo aka ɗauka daga shago, na yi kwanaki a inda ba na son tunawa, ana tambayata abin da ban sani ba. Tun daga nan ba a ambatonsa a gidan, kuma duk wanda ya ce karatu a gaban Inna sai ta tashi ta shige ɗaki.

Na ajiye boris ɗin na ce, "To bismilla. Me za ka karanta?"

Ya faɗi wani abu da Turanci mai tsawo. Na ce masa ni a aji uku na sakandare aka cire ni, ranar da aka yi sadakar ukun Baba, don a samu mai ciyar da su. Turancin da na tsira da shi na kan kwalin kaya ne. Na ce ya yi Hausa.

Ya duba shagon, ya jawo wani yankakken tub na taya. Ya leƙa ya kira maƙwabcina, wani Ibo mai sayar da batir da fitilun mota, wanda a Potiskum aka haife shi, Hausarsa ta fi ta Inna. Shi Ibon ya kai iyalinsa kudu tun farkon rikici, shi ya zauna gadin shago. Auta ya ce mu kama robar mu ja, ni gefe, shi gefe. Muka ja. Ya ɗora boris a tsakiya, robar ta lotsa.

"Hamma, wannan robar ita ce sarari."

"Wane sarari? Fili?"

"A'a. Wurin kansa. Tazarar da ke tsakanina da kai, da wadda ke tsakanin ƙasa da rana. Abu mai nauyi yana lotsa ta kamar haka."

"Tsakanina da kai ba komai. Iska ce."

"Ko an kwashe iskar, akwai wurin."

"To abin da ba komai ba, ta yaya zai lotsa?"

Maƙwabcina ya ce, "Oga, ka bar yaro ya gama mana. Hannuna ya fara gajiya."

Auta ya ƙara boris na biyu, ya riƙa juya su da yatsa suna zagaya juna. Ya ce can nesa, nesan da ba a faɗa da mil, akwai wasu abubuwa da ake kira baƙin rami, taurari ne da suka mutu suka dunƙule, nauyinsu ya wuce misali. In biyu suka haɗu sai su yi ta zagaya juna har su gwabza. Ya haɗa boris ɗin suka yi ƙara, robar ta kaɗa a hannunmu. Ya ce wannan kaɗawar ita ce maganar. Tana tafiya ko'ina kamar yadda ruwan tafki ke yi in an jefa dutse, ta yi ta tafiya shekaru da ba su ƙirguwa, har ta iso nan ta ratsa mu.

"Ramin, wa ya haƙa shi?"

"Ba rami ba ne na gaske, Hamma, suna ne kawai."

"Ka ce rami, ka ce ba rami ba. Ka ce ba komai, ka ce ya lotsa. Haka zan je in gaya wa Inna?"

Maƙwabcina ya saki robar, boris suka gangara ƙarƙashin kanta. Ya ce, "Tsaya, Malam, ni in tambaya. Wannan girgizar tana rushe gini?"

"A'a."

"Tana kawo ruwan sama?"

"A'a."

"Ana sayar da ita?"

Auta ya yi dariya. Ni ban yi ba, don tambayar da ke bakina ke nan.

Ya ce wani Bature da ya daɗe da mutuwa ne ya fara faɗar abin a lissafi, aka yi ta nema ba a gani ba, sai kwanan nan. An gina wasu injina a Amurka, kowanne bututu biyu ne dogaye ƙwarai da suka haɗu kamar kusurwar gini, haske yana kai da kawowa a cikinsu. In kaɗawar ta wuce, bututu ɗaya ya ɗan miƙe, ɗayan ya ɗan tsuke. Na ce kamar nawa? Taku ɗaya? Ya ce in ciri gashin gemuna in tsaga shi, in sake tsaga tsagin, in yi ta yi har ƙarshen rayuwata, ban kai ƙanƙantar abin ba.

Na ce, "To tsaya. In komai yana miƙewa, har da ni, har da ƙasa, ai tef ɗin awon ma ya miƙe. Da me za a auna?"

Sai yaron nan ya yi tsalle kamar an ce an ɗage dokar hana fita. "Hamma! Wallahi tambayar ke nan! Wannan ita ce tambayar!" Ya shiga bayani a kan haske da saurinsa, yana zane da ƙusa a ƙasan shagona. Na bi shi zuwa layi na biyu, daga nan na ɓace. Na ji daɗin tsallen da ya yi, ba zan ɓoye ba, amma daɗi daban, ganewa daban.

Abin da ya ƙara dagula mini kai shi ne, ashe shi ko injin ba zai taɓa ba. Injin yana Amurka, shi yana Jamus a gaban kwamfuta. Ya ce injin yana jin komai: motar da ta wuce, teku da ke dukan gaɓa, iska, girgizar ƙasa a wata nahiya. Duk wannan hayaniyar ake turo musu a matsayin lambobi, su kuma aikinsu su tace, su nemo ’yar kaɗawar nan a ciki. Wai wata farfesa ce, mace, take neman ɗalibai masu ƙarfin lissafi da za su koya wa kwamfuta wannan tacewar, ya gani a intanet ya nema, suka yi masa tambayoyi ta waya, suka ɗauke shi.

"Wato Jamus za ka je tsintar tsakuwa a shinkafa."

"Kusan haka. Sai dai shinkafar ake zubarwa, tsakuwar ake nema."

Ya ciro kwamfutar daga buhu, ya ce bari mu ji wadda aka riga aka kama, an mayar da ita sauti. Muka sunkuya mu uku. Wani huci ya fito kamar rediyon da bai kama tasha ba, sai wani ɗan ƙara, wup, kamar ɗigon ruwa ya faɗa randa.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. In sake sawa?"

Maƙwabcina ya ce a sake. Aka sake. Ya girgiza kai ya koma shagonsa yana cewa Turawa ba su da matsala a rayuwa.

Akwai abin da Auta bai sani ba a ranar. Na riga na gama magana da wani abokina a Bauchi, ya samar mini shago a layin masu kayan mota, yana riƙe mini. Ciniki ya mutu a Potiskum, tireloli sun rage shigowa, an hana babur, magariba na yi kowa ya shige gida. Ga ni kuma da tambarin ɗan'uwan wanda ya shiga daji, duk abin da ya faru a unguwa sai an waiwayo ni. Niyyata in kwashe matata da yara bayan damina. Inna ta rantse ba za ta bar gidan da Baba ya mutu a ciki ba, to na ce ba laifi, Auta yana nan, ba mata ba ɗa, ya zauna da ita. Ni na yi nawa. Tun ina ɗan shekara goma sha wani abu nake ɗauke da gidan nan a ka.

Yanzu ga shi an miƙo mini wuƙa da nama. In na ce ban gane ba, gaskiya na faɗa, Auta ya zauna, ni in tafi. In na ce na gane, na yi ƙarya, kuma na ɗaure kaina a Potiskum.

Duk da haka na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Kullum in ya taso daga makaranta sai ya biyo shago, mu yi darasi. Ya kawo kwano da ruwa, ya kawo zare, ya kawo fitilar hannu da madubin matata. In na kama kai sai wutsiya ta kuɓuce. Yau in gane cewa abin ya faru tun kafin a yi mutane, gobe in tambaye shi to yaya aka yi sai yanzu muka ji, ya ce tafiyar ce da nisa, in ce to yanzu ramukan suna ina, ya ce sun zama ɗaya, in ce ka gani, ya ce ba a ganinsu. Abin da ya fi yawa a bakinsa shi ne, "Wannan ba a sani ba tukuna." Na ce masa ni ban taɓa jin makarantar da ake biyan mutum don malamansa ba su sani ba. Har liman na tara bayan azahar na tambaye shi ko akwai haramci a ciki. Ya ce duba halittar Allah ba laifi ba ne, amma in sake maimaita masa maganar robar. Na maimaita. Ya ce Allah ya sa mu dace, ya sa takalminsa.

Ana cikin haka aka yi tashin bam na wajen kasuwa. Da rana ne, ina zaune ina cin ɗanwake. Sifanun da na rataye a ƙusa suka fara kaɗawa suna taɓa juna, sannan ƙarar ta iso. Duk wanda ya zauna garin nan a lokacin ya san abin da ke biyo baya. Ba a gudu tukuna, don ba ka san inda za ka gudu ba. Waya kowa yake cirowa. Na kira matata a gida, unguwar Yindiski, ta ce sun ji amma sama-sama, ƙofa ce kawai ta buga. Maƙwabcina ya kira wani nasa a hanyar Jos, ya ce su kam har gilashi ya zube. Mai facin da ke gefenmu ya kira tasha. Kafin hayaƙi ya tashi sama mun riga mun san wajen da abin yake, daga wanda ya ji da ƙarfi da wanda ya ji kaɗan.

Wayar Auta ba ta shiga. Na yi ta kira har batir ya kusa mutuwa. Matata ta ce Inna ta fito ƙofar gida ba mayafi, abin da ba ta taɓa yi ba. Sai dab da magariba ya shigo da ƙura har gira, an kwantar da su a shinge ne tun rana, shi da buhunsa.

Washegari muka je gaisuwar wani dattijo mai sayar da goro a layinmu, wanda abin ya rutsa da shi. Muna zaune a tabarma, an shafa fatiha, sai Auta ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Hamma, jiya da kuka yi ta kiran waya kuna tambayar wa ya ji, wa bai ji ba. To haka injinan suke. Shi ya sa aka yi su biyu, nesa da juna. In ɗaya ne kawai ya motsa, mota ce ta wuce. In duka biyun suka motsa, ɗaya ya ɗan riga ɗaya, to daga sama ne, kuma a san ta wajen da ya fito."

Na juya na kalle shi. Da ba a zaman makoki muke ba da na kwaɗa masa mari. Mutum yana kwance a ƙasa tun jiya, ’ya’yansa ga su nan a gabanmu, shi kuma lissafinsa yake. Na ce masa ya rufe mini baki, ya kuma tashi daga kusa da ni. Ya tashi, idonsa ya yi ja.

Abin haushin, duk cikin darussan da ya yi mini wannan kaɗai ne ya zauna daram a kaina. Kuma shi ne wanda ba zan iya ɗauka in kai wa Inna ba. In je in ce mata karatun ɗanki kamar tashin bam yake?

Farfesar ta sake aiko masa da saƙo, cikin ladabi, tana tambaya ko yana zuwa, don akwai wani a bayansa da ke jira. Ya zo ya gaya mini a tsaye, bai ko shigo shagon ba. Na ce ya gaya wa Inna gobe da hantsi wancan zai zo.

Muka same ta a gindin darbejiyar tsakar gida tana tsinkar zogale a faranti. Ta ba ni gefen kafaɗa kamar kullum. Matata ta zauna a tsakaninmu, don ita ce mai ɗaukar magana. Auta ya rakuɓe a bakin rijiya. Tazarar da ke tsakanina da Inna ba ta fi tabarma ɗaya ba, tana jin numfashina ma, amma sai na faɗa, matata ta maimaita, sannan a ce an faɗa.

Na ce, "Gaya mata sararin sama kamar roba yake."

"Inna, wai ya ce sama kamar roba take."

Inna ta ce wa zogalen, "Tambaye shi wa ya taɓa ta ya ji."

"Baban yara, wai wa ya taɓa?"

"Ba a taɓawa. Gaya mata akwai taurari da suka mutu, suka zama rami, amma ba rami ba."

Matata ta kalle ni. "In ce rami ko in ce ba rami ba?"

"Ki faɗa yadda na faɗa."

"Inna, wai taurari ne suka rasu."

"Allah ya ji ƙansu," in ji Inna. "Shi Auta wanka zai yi musu?"

Na ji Auta ya yi wani ɗan sauti a bakin rijiya, ban san ko dariya ba ce ko kuka. Na ci gaba. Na kawo bututu, na kawo haske, na kawo gashin gemu. Matata tana ɗauka tana zubar da rabi a hanya, abin da ya isa wurin Inna kuma ni kaina ban gane shi ba. Bututun ya zama na ruwa. Hasken ya zama na lantarki, har Inna ta ce in dai wuta zai koyo ai gara, unguwar ta kwana biyu a duhu. Gumi ya jiƙa mini riga. Na tsaya.

"Gaya mata ban gane ba."

Matata ta kalle ni, don ta san maganar Bauchi, ita ce ma ta fi ni son tafiyar.

"Ki gaya mata. Na yi iya yina, ban gane ba."

"Inna, ya ce bai gane ba."

Inna ta gyaɗa kai, ta ci gaba da tsinka. Auta ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa. Magana ta ƙare ke nan, sai in tashi in kaɗe riga. Na ma dafa ƙasa zan miƙe. Ban san abin da ya mayar da ni zaune ba, kuma ba zan ce tausayi ba ne, don a ranar haushinsa nake ji.

Na ce, "Ki ƙara mata da wannan. Karatun telan, na gane shi tas. Ba kalma ɗaya da ya faɗa da ban gane ba. Duk abin da na tambaye shi yana da amsa, a take, ba ya ko tunani. Ya san wanda zai shiga wuta, ya san wanda zai shiga aljanna, ya san ni a ina nake. Wannan kuwa wata guda ina tambayarsa, rabin amsarsa ba a sani ba tukuna. Ni dai ban san abin da zai je ya yi ba. Amma na san ba irin wancan ba ne."

Matata ba ta maimaita ba. Ta kafe idonta a tabarma, ta ja bakinta ta rufe. Shekara nawa ba a ambaci mutumin nan a tsakar gidan ba, ba ita za ta fara ba. Na ce ta faɗa, ta girgiza kai. To a ƙa'idar gidanmu, abin da ba a maimaita ba ba a faɗe shi ba. Maganar ta tsaya nan a tsakiyar tabarma ba mai ɗauka.

Hannun Inna ya tsaya a cikin faranti. Ta daɗe a haka. Wata akuya ta zo ta sa baki a zogalen, ba ta kore ta ba, sai da matata ta miƙa hannu ta buge ta.

Can Inna ta ce, "Tambayi wancan. In yaro ya ɓace daga unguwa, za su zo tambaya. Masu sintiri za su zo, sojoji za su zo. Wa zai fita ya amsa?"

Ba ta tambayi wanda zai zauna da ita ba. Ba za ta taɓa tambaya ba, ko za ta mutu ita kaɗai a ɗaki.

Matata ta juyo, muryarta ƙasa-ƙasa. "Wai wa zai amsa?"

Na kalli matata, ta kawar da kai. Na ce, "Gaya mata ina nan."

Wannan kam ta maimaita, da ƙyar.

Inna ta ture farantin, ta ce, "Auta, zo nan." Ya taso ya durƙusa, ta dafa kansa ta yi ta addu'a da Fulatanci, wadda rabinta ban ji ba. Ta ce masa ya riƙe salla, kada ya ci abin da bai sani ba, kuma duk ranar da malaman nasa suka ce ya daina kiran gida, ya tattaro kayansa ya dawo ko a ƙafa ne. Ni ba wanda ya ce mini komai. Na tashi na sa takalmina.

A hanyar komawa shago na tsaya a inuwar wani kanti na kira abokina na Bauchi, na ce ya ba wani shagon.

"Subhanallahi, lafiya? Bayan duk wahalar da na sha?"

"Ƙanena ne zai tafi karatu waje. Ba mai zama da tsohuwa."

"Kai, masha Allah! Likita zai zama?"

"Dokta dai. Ba na asibiti ba."

"To na me?"

Na tsaya da waya a kunne. Wani napep ya wuce, sojan da ke shinge yana daga nesa yana kallona, don tsayuwa da waya a bakin titi ma abin zargi ne a lokacin. Abokina yana ta cewa, "Hello, kana ji na? Na me?"

Na ce masa sabis ba kyau, zan sake kira.

Auta ya tafi kafin kaka. Masu sintiri sun zo, kamar yadda Inna ta faɗa, sun zo fiye da sau ɗaya, kuma ni na fita. Matata ta yi wata biyu ba ta yi mini magana sai ta bakin yara, don haka a wannan shekarar mata biyu ne a duniya da ba sa yi mini magana kai tsaye. Ina nan a shagon har yau.